Manhajar tarihin nan da na biya, da labarin gwamnan Armeniya

Jama'a, na biya kudin wata daya a wata manhajar sauraron tarihi ta waya, gaskiya ba laifi, amma akwai abin da zan fada. Sautin a fili yake, ana iya saukewa a saurara ba data, wannan kam sun kyauta. Taswirarsu ce dai kanana sosai, sai ka yi ta zuƙowa kafin ka gane ina ne Dvin ina ne Nakhchivan, biranen Armeniya na wancan zamanin.

Kashin da ya rike ni shi ne na Muhammad bin Marwan, kanin Halifa Abdulmalik, wanda Banu Umayya suka ba rikon Armeniya da Jazira, wato yankin arewacin Iraki da Siriya. Bayan manyan gidajen Armeniyawa, su ake kira nakharar, sun yi bore har suka ci sojojin halifa a Vardanakert a 703, sai a 705 Muhammad ya sa aka aika musu su zo Nakhchivan wai za a rubuta sunayensu a rajista a rika biyansu albashi. Suna zuwa aka kulle su cikin coci a Nakhchivan da Khram aka cinna wuta. Wallahi da mai karatun ya kai nan sai da na dakatar, wai ka kira mutum ya zo karbar albashi ka kona shi, haba.

To inda na ji haushi, mai bayanin ya jingina komai kan Ghevond, limamin cocin Armeniya da ya rubuta tarihin, kamar Larabawa ba su ce komai ba, alhali Baladhuri, masanin tarihi Musulmi, shi ma ya kawo labarin kulle su a coci, shi dai ya ce a yankin Khilat ne. Da sun hada biyun ai da babu mai cewa sharrin Kiristoci ne kawai, kuma an ga inda suka saba. Sannan ko ambato bai yi ba cewa dan wannan Muhammad din ne Marwan na biyu, halifan Umayyawa na karshe.

Furucin sunayen Larabci kuwa sai hakuri, Marwan ya koma wani abu daban a bakinsa. Idan ɗalibi ne kai ko kana son tarihin Banu Umayya ka biya wata daya ka saurara, amma kada ka yi kudin shekara tukuna.