Ɗakin lafiya na garejin tireloli: abin da na gani da idona

Duk direban da ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san irin wuraren da muke yada zango: tireloli jere a bakin titi, masu shayi, masu tsire, 'yan faci, sai ɗakunan haya a bayan layi inda mata masu zaman kansu suke. A ɗaya daga cikin garejin nan akwai wata kwantena da wata ƙungiya ta mayar ɗakin lafiya. Na shiga, an duba ni, shi ya sa nake so in ba 'yan'uwana direbobi da yaran mota labarinta.

Abin da ya fi burge ni kwalin kwaroron roba ne da suka ajiye a bayan ƙofa, kusa da bokitin wanke hannu. Ba ka tambayar kowa, ba a rubuta sunanka, ka ɗiba ka sa aljihu ka wuce. Wanda bai taɓa tsayawa a kemis cike da mutane ba, bakinsa ya yi nauyi har ya ƙare da sayen Panadol ya fita, ba zai gane amfanin wannan kwali ba. Kuɗin fakitin Gold Circle bai kai na shayi da burodi ba. Kunya ce ke hana mutane, balle idan sahu ɗaya kuke bi da mai kemis ɗin a masallaci.

Ma'aikaciyar da na tarar dattijuwa ce, ba ta da ƙyamar mutane. Ta zaunar da ni ta ce, "Ƙanena, a ina kake ajiye naka?" Yawancinmu a aljihun gaban mota muke jefa shi, ya yi wata da watanni rana na dukansa. Ta ce zafi na cinye ƙarfin robar, ta fashe a lokacin da ake buƙatarta. Ta nuna mini inda ake duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ta sa na matsa ledar da yatsa in ji ko da iska a ciki, domin wadda ta sace ta huje ke nan. Ta kuma ja kunnena kan Vaseline da man gyaɗa, su ma suna lalata roba, ta ba ni ƙananan ledoji na mai santsi irin na ruwa. Gwajin ƙanjamau a bayan labule ake yi, ɗigon jini daga yatsa, cikin minti ashirin ka ji sakamako. A bakinta na fara jin cewa idan roba ta fashe akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha na kwana 28, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika.

Na san masu cewa raba kwaroron roba ɗaure wa zina gindi ne. Zina haramun ce, ba wanda ya isa ya halatta ta. Sai dai ni tunanina yana kan matar da ke gida tana jiran mijinta ya dawo daga Legas, ba ta ci ba, ba ta sha ba, sai a awon ciki a gaya mata tana ɗauke da cutar. Binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, kuma da yawa daga cikinsu a kan gadon aurensu suka same ta.

Inda suka gaza kuwa, ba zan ɓoye ba. Ana la'asar suke kulle kwantenar, alhali gareji ba ya cika sai bayan isha'i. Lokacin da ake neman abin, kwalin yana bayan kwaɗo. Ƙofar kuma ta kalli teburin mai shayi, ga allo an rubuta HIV ɓaro-ɓaro, yaran mota da yawa sun gwammace su zagaye. Kwaroron mata ba kasafai ake samu ba, ga shi matan bayan layi su suka fi buƙatarsa, tunda akwai mazan da ke ƙara kuɗi don a yi ba roba. Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a watan Janairun 2025 kuma, nakan tarar da kwalin wayam.

Da za su ji tawa, su juya ƙofar ta kalli baya, su bar kwali ɗaya a hannun magajiya, ɗaya a ofishin ƙungiyar direbobi da ba a rufewa. Kafin nan, mai son zuwa ya je da hantsi, lokacin da ake wankin mota, gwaji da robar duk kyauta ne.