Kuran ya ɗauke muna can sama, ni da ɗiyata

Tun daga Tawa muka taso, ta Konni da Dogondutsi da Dosso, sama da kilomita 500, don in cika alkawari. Na ce wa yara duk wanda ya kai azumi goma, bayan salla zan kai shi wurin wasa a Yamai. Suka kai, babu yadda zan yi.

Kuɗin shiga daban, kowane manej, wato abin hawa na wasa, da tikensa. Kafin la'asar jikka goma ta tafi, ban da ruwan sanyi, wanda a ciki ya ninka kuɗinsa na bakin titi. Wannan duk na shanye, salla ce. Motocin nan masu karo da juna kuwa sun biya kuɗinsu, babban yarona sau uku yana komawa layi.

Sai ƙaramar ta nace sai mun hau babban lilon nan mai juyawa kamar gare. Muna kaiwa ƙololuwa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Kiɗa ya mutu, lilo ya tsaya cak, kujerarmu tana ɗan reto. Ƙarfen da ake riƙewa ya sha rana, ba ya taɓuwa. Yarinya ta cusa kai cikin rigata tana cewa, "Baba, ka ce musu su sauke mu." Na leƙa na ƙwala wa yaron da ke kula da injin kira. Ya ɗaga hannu: "Alhaji a yi haƙuri, an tafi sayo gazuwal." Ranar salla, wuri cike da yara, gurup ɗin wuta babu mai!

Gaskiya daga can na ga Yamai yadda ban taɓa ganinta ba. Kogi shimfiɗe, motoci a kan gadar Kennedy kamar kiyashi, unguwar Harobanda can ƙetare. Na yi ta nuna mata har ta bar kuka, ta fara ƙirga jiragen masunta. Wajen minti ashirin muka yi, har na fara hucewa.

Da muka sauko ne raina ya sake ɓaci. Na nemi a mayar mini da kuɗin tike biyu, mai sayarwa ta ce ai mun hau. Ko sannu babu.

Washegari na kai su gidan tarihi na Boubou Hama, suka ga zaki da dorina da ƙasusuwan dinozor, a kuɗi kaɗan. Yaron dai har yanzu motocin karo yake zance. Ita kuwa ko lilon igiya na gidan kakarta ta daina hawa.