Goge Asusun Facebook Har Abada: Inda Hidimar Ta Yi Kyau da Inda Ta Gaza

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya tanadi hanyar da mutum zai bi ya goge asusunsa na Facebook baki ɗaya, kuma ina ganin wannan hanya ta cancanci a auna ta kamar yadda ake auna kowace hidima, domin kamfanin da ya sauƙaƙa wa mutum shiga cikin 'yan mintuna ya kamata a duba yadda yake sallamarsa ranar da ya ce ya gaji. Hanyar tana aiki, kyauta ce, kuma wanda ya bi ta har ƙarshe asusunsa zai tafi. Sai dai an shimfiɗa ta ne don wanda har yanzu yake riƙe da kalmar sirrinsa da layin wayarsa, kuma abin da take gogewa bai kai abin da yawancin mutane suke zato ba.

Cire manhajar daga waya ba gogewa ba ce, ko da Facebook Lite ce ko babbar. Mutane da yawa sukan danne alamar manhajar su cire ta, su ɗauka sun rabu da dandalin ke nan, alhali hotunansu da sunansu da duk abin da suka taɓa wallafawa suna nan ga mai son gani. Matakai biyu ne kawai kamfanin ya sani. Na farko dakatarwa, wadda take ɓoye asusun daga idon jama'a amma ta bar komai a ajiye, har mutum yana iya ci gaba da amfani da Messenger, kuma da zarar ya sake shiga komai ya dawo yadda ya bar shi. Na biyu gogewa, wadda idan wa'adinta ya cika babu komawa, kuma Messenger ma tana tafiya tare da asusun. A nan kamfanin ya yi adalci wajen bayani, don a shafi guda yake nuna zaɓin biyu tare da taƙaitaccen bayanin abin da kowanne ya ƙunsa.

Isa wannan shafin ne ba a sauƙaƙa ba. Sai mutum ya shiga saituna, ya wuce cibiyar da kamfanin ya kira Accounts Center, inda aka haɗa asusun Facebook da na Instagram, ya nemi sashen mallakar asusu da iko da shi, sannan ya tarar da zancen dakatarwa ko gogewa. Bayan ya zaɓi gogewa za a tambaye shi dalili, a kawo masa shawarwarin da za su iya sa ya fasa, a tuna masa abin da zai rasa, kafin a nemi kalmar sirri. Tunatarwar tana da amfani, ban ƙi ta ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda aka binne maɓallin a ƙarƙashin suna wanda ba ya nuna abin da ke cikinsa, kuma tsarin saitunan yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, ta yadda bayanin da aka rubuta bara ba lalle ne ya dace da abin da mutum zai gani a wayarsa bana ba. Dattijon da ɗansa ya buɗe masa asusu, ko matar da ba ta saba da kewaya saituna ba, da wuya su kai wurin ba tare da ɗan jagora ba.

Danna maɓallin ƙarshe ba ya goge komai nan take. Asusun yana ɓacewa daga idon jama'a, amma kamfanin yana jira kwana 30, kuma duk wanda ya shiga a cikin wannan wa'adi za a nuna masa maɓallin soke gogewar. A da wa'adin kwana 14 ne, aka mayar da shi 30 a 2018, shekarar da badaƙalar Cambridge Analytica ta fito fili, aka gano cewa bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87 sun faɗa hannun wannan kamfani da ke yi wa 'yan siyasa aiki. A lokacin ne kiran a goge Facebook ya bazu, har Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WhatsApp, ya shiga cikin masu kiran. Dole mai lura ya yi tambaya game da tsawaita wa'adi a daidai lokacin da mutane suke neman fita. Duk da haka ba zan ce wa'adin sharri ne zalla ba. Wanda ya goge asusunsa cikin fushi bayan cacar baki yana samun damar hucewa, wanda kuma ɓarawon asusu ya shigar masa ya nemi gogewa yana da wata guda na ƙoƙarin ƙwato abinsa. Wanda ya yanke shawara da gaske kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya cire manhajar a ranar, ya share kalmar sirrin da waya ko kwamfuta ta ajiye masa, domin yatsan da ya saba da buɗe dandalin da asuba ba ya neman izinin mai shi.

Sashen da ya fi burge ni a duk hidimar shi ne damar sauke bayanai kafin tafiya. Mutum yana iya neman a haɗa masa kwafin abin da ke asusunsa, ya zaɓi tsawon lokacin da yake so, da ingancin hotuna, da tsarin fayil, ko dai HTML wanda ake buɗewa a karanta kamar shafin intanet, ko JSON wanda ya fi dacewa da masu sarrafa manhaja. Akwai kuma damar tura hotuna da bidiyo kai tsaye zuwa wata ma'ajiya irin su Google Photos. Idan aka buɗe kundin da aka sauke, za a tarar da shi kashi-kashi: saƙonni da sunan kowane wanda aka yi hira da shi, hotunan biki da na suna da mutum ya manta ya taɓa ɗorawa, sunayen da ya bincika, ranaku da na'urorin da ya shiga da su, da jerin 'yan talla waɗanda suka yi amfani da bayanansa don su kai masa tallarsu. Mai shakkar ko ya goge ko kada ya goge, ya zauna ya karanta wannan jerin na ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Abin kiyayewa biyu ne. Kundin ba ya haɗuwa nan take, kuma idan ya haɗu 'yan kwanaki kaɗan yake yi kafin a janye shi, saboda haka sai an jira an sauke an buɗe an tabbatar kafin a nemi gogewa. Sannan asusun da ya shekara goma yana tara bidiyo yana iya cinye data mai yawa, gara a nemi wurin da intanet ke da ƙarfi da araha.

Kamfanin da kansa ya bayyana cewa gogewar tana iya ɗaukar kwana 90 kafin ta kammala a rumbunansa, cewa wasu kwafi suna iya saura a ma'ajiyar ko-ta-kwana bayan haka, kuma yana iya riƙe wasu bayanai saboda shari'a ko binciken karya ƙa'ida. Babu wata hanya da mai asusu zai leƙa ya tabbatar an yi abin da aka ce, amana ce kawai. Mafi muhimmanci ga mai karatu shi ne saƙonnin da ya aika wa mutane ba sa gogewa daga akwatinsu, hoton da wani ya ɗora da fuskarsa a ciki yana nan tunda ba nasa ba ne, balle abin da aka riga aka ɗauki hotonsa aka yaɗa a zaurukan WhatsApp. Magana zarar bunu ce, kuma wanda yake neman gogewa don ya binne wata tsohuwar magana da ta fita, ya sani hidimar ba ta yi masa wannan alkawari ba. Haka nan goge Facebook ba ya taɓa Instagram ko WhatsApp, kowanne sai an bi shi daban.

Masu sana'a su yi hattara sosai. Duk shafin kasuwanci ko na ƙungiya da mutum shi kaɗai yake gudanarwa yana tafiya tare da asusunsa, da mabiyansa da komai. Mai sayar da atamfa da leshi da ta shekara tana tara masu saye a shafinta, ko sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, dole su miƙa cikakken iko ga wani amintacce tun kafin su danna maɓallin. Haka manhajojin da aka yi rajistarsu ta hanyar shiga da Facebook, sai an sauya musu hanyar shiga zuwa imel ko lambar waya, in ba haka ba ƙofarsu tana iya rufewa. Yana da kyau kuma mutum ya sanar da 'yan'uwa da abokan hulɗa cewa ya tafi, domin 'yan damfara sukan buɗe sabon asusu da suna da hoton wanda ba ya nan su riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Babbar gazawar hidimar a wurina ita ce ba ta da wani tanadi mai sauƙi ga wanda ya rasa hanyar shiga. A garuruwanmu asusu da yawa a shagon gyaran waya ko wurin masu tura waƙoƙi aka buɗe su, da kalmar sirrin da mai shagon ya ƙirƙira kuma mai asusun bai taɓa rubutawa ba, a kan layin da ya ɓata tuntuni. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da shi, wato lambar tabbatarwa tana iya zuwa wayar baƙo. Irin wannan mutum sai ya fara ƙwato asusun kafin ya iya goge shi, ta hanyar fom da tura hoton katin shaida, kuma babu ofishin da talaka zai shiga ya zauna gaban ma'aikaci ya yi bayani. Sakamakon shi ne tsofaffin asusu barjat da hotunan mutanen da suke son a cire su amma ba su da iko.

Batun mamaci ma haka yake. Kamfanin ya ba mai asusu damar ya zaɓa tun yana raye ko a goge asusunsa bayan rasuwarsa, ko ya naɗa wanda zai kula da shi a matsayin shafin tunawa, kuma wannan tanadi ne mai kyau da mutane kaɗan suka sani. Idan bai zaɓa ba, iyalansa na kusa suna iya neman a cire asusun, amma sai sun kawo shaidar rasuwa da shaidar dangantaka. A inda ake yi wa mamaci sutura a ranar da ya rasu, kuma ba kowane gida ne yake zuwa karɓar takardar shaidar mutuwa ba, wannan sharaɗi yana da nauyi, ga shi iyalai da yawa ba sa son hotunan mamacinsu su ci gaba da yawo.

Ta fuskar doka mai neman gogewa ba roƙo yake yi ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta tabbatar da haƙƙin a goge wa mutum bayanansa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba da irin wannan haƙƙi, kuma a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Idan aka kwatanta da sauran dandali, X (wanda a da ake kira Twitter) da TikTok su ma suna jiran kwana 30, WhatsApp kuwa yana gogewa ba tare da wa'adin fasawa ba. Facebook ya yi kyau wajen bayyana abin da za a rasa da kuma ba mutum kwafin kayansa, ya gaza wajen sauƙin isa maɓallin da kuma kula da wanda ya rasa layinsa. Ina ba da shawarar hidimar ga wanda kalmar sirrinsa take hannunsa, bisa sharaɗin ya sauke kundinsa ya buɗe shi, ya miƙa shafukansa, ya sauya hanyar shiga sauran manhajojinsa, sannan ya ƙaurace wa dandalin har kwana 30 su cika.