Benturi a kan sikimar haɗin gida: sharhi bayan amfani da shi a Legas

Ga masu kiwon kifin ruwan gishiri a akwatin gilashi, sikima ita ce na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa tun kafin ya ruɓe ya koma amoniya mai cutar da kifi. Ta kanti tana da tsada, yawanci ma sai an yi odarta daga waje, shi ya sa wasunmu a nan Legas muke haɗa tamu da bututun PVC. Haɗa gangar jikin ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a cusa iska cikin ruwan ta fito ƙanana-ƙanana. Ni benturi na ɗora wa tawa, irin baƙin nan na roba mai rabin inci da masu noman rani ke zuƙar takin ruwa da shi, a kan tankin lita 250. Yana aiki, yana da arha, kuma ba abin da ke juyawa a cikinsa balle ya lalace. Amma fa matsi yake ci. Wanda bai shirya ba shi famfo mai ƙarfi ba, gara tun yanzu ya nemi wata hanya.

Sunan benturi ya samo asali daga Giovanni Battista Venturi, masanin Italiya da ya wallafa bincikensa kan gudun ruwa a 1797. Bututu ne da ke tsukewa a tsakiya sannan ya sake buɗewa a hankali. Idan ruwa ya iso maƙogwaron sai gudunsa ya ƙaru, kamar yadda yake yi in ka danne bakin tiyo da yatsa wajen wankin mota. Da gudu ya ƙaru sai matsi ya faɗi a daidai wurin, har ya yi ƙasa da matsin iskar waje. A nan aka huda ƙaramar ƙofa, ta ita iska ke shiga da kanta, ruwan ya daddatsa ta. Ruwan gishiri ba ya barin ƙananan kumfa su haɗe su zama manya, shi ya sa sikima ke tashi fari fat a ruwan teku amma ta zama aikin banza a tankin tarwaɗa ko karfasa. Ƙanƙantar kumfar kuwa ita ce komai: dattin jikin kumfa yake mannewa, kuma in faɗin kumfa ya ragu da rabi, to filin da datti zai manne ya ninka biyu alhali iskar ba ta ƙaru ba.

Jikin tawa bututu ne mai inci 4, tsayinsa santimita 60, wanda ke ɗaukar kusan lita 5. A sama na rage shi zuwa wuya mai inci 2, wuyan ya shige cikin kofin tara datti. Mafitar ruwa inci 1 ce, tana ƙasa, da bawul ɗin roba. A nan ina jan hankali sosai: kada a sa bawul ko mahaɗi na tagulla. Su ne suka fi yawa a shagunan kayan famfo, ko a kasuwar Odunade ko a unguwa, kuma mai shago zai ce maka sun fi ƙarko. Gaskiyarsa ce a kan ruwan gida, amma a ruwan gishiri jan ƙarfen da ke cikinsu yana narkewa a hankali, kuma guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Maganar famfo ita ce ta fi kayar da mutane. Kowa lambar lita yake dubawa a kwali, alhali lambar da ta shafi benturi ita ce ta tsayin da famfon ke iya tura ruwa. Mita 10 na tsayin ruwa daidai yake da kusan ba 1 na matsi (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Ke nan ƙaramin famfon akwatin kifi mai tura mita ɗaya da rabi, ko an rubuta masa lita 2,000 a awa, iyakarsa ba 0.15, shi ma sai an toshe bakinsa gaba ɗaya. Da irin wannan, kumfa ɗaiɗai za ka gani, manya-manya, ko ma ka tarar ruwa na fitowa ta ƙofar iska. Nawa mai lita 3,000 ne, yana tura mita 4, yana cin wat 75. Bayan ruwan ya ratsa benturin, bokitin lita 10 kan cika cikin kamar minti biyu, wato lita 300 a awa. Kada wannan ragin ya tayar wa kowa hankali, haka abin yake, ƙarfin famfon ya tafi wajen matsi. Ya ma yi daidai da jikin, domin lita 5 a wannan gudu na nufin ruwa zai yi kusan minti ɗaya yana cuɗanya da kumfa kafin ya fita.

Wasu kan sayi mai inci uku bisa huɗu da tunanin babba ya fi jan iska. A kan famfo ɗaya, akasin haka ke faruwa, saboda maƙogwaronsa ya fi faɗi, ruwa ba ya samun gudun da ake bukata. Haka masu faɗaɗa maƙogwaron da dirila don ruwa ya ƙaru: sun ɓata shi ke nan, ba ya gyaruwa.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya kai zaɓen famfo muhimmanci, shi ne matsin da ke bakin fitar benturin. Shi bambancin matsi tsakanin shiga da fita yake aiki da shi. Duk santimita 10 na ruwan da ke saman bakin fitarsa yana danne shi da ba 0.01. A ido ba komai ba ne, amma ga famfon da duk ƙarfinsa bai wuce ba 0.4 ba, shigar da ruwan ta can ƙasan bututu mai santimita 60 na cinye kaso mai tsoka na iskar. In kuma ka shigar da shi dab da wuya, iska za ta yi yawa amma kumfar ba ta yi wata tafiya a cikin ruwa ba ta riga ta kai sama. Inda ya fi yi mini daidai shi ne kamar santimita 30 zuwa 35 ƙasa da saman ruwa, bakin yana kallon gefe kuma ya ɗan sunkuya, yadda ruwan zai riƙa kewaya bangon bututun. Shi kansa benturin a ɗaure shi sama, daidai da saman ruwan sikimar ko ya ɗan ɗara. Ta ɓangaren fitarsa a bar miƙaƙƙen bututu na santimita 15 zuwa 20, kada a tsuke shi, kada a tara masa lanƙwasa, kada kuma a sa bawul a nan. A duba kibiyar da ke jikinsa kafin a ɗaura, domin in aka juya shi ba ya ja. A sa mahaɗi mai kwancewa gaba da baya, za a gode wa Allah ranar wanki.

Irin na taki yana zuwa da ɗan ƙwallo da sifirin a ƙofar zuƙa, don hana ruwa komawa. A gona matsi yana da yawa, ba ya jin su. A sikima kuwa ɗan jan da ake samu bai isa ya ture sifirin ɗin sosai ba, ga shi ƙarfe ne a bakin gishiri. A kwance murfin a cire su duka. Sai dai da an cire, in famfo ya tsaya ruwa zai biyo tiyon iska, don haka dole bakin tiyon ya kasance sama da kofin datti, a ɗaure shi yadda ba zai faɗo ba. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗauke wutar na da wata illa. Idan babban famfo ya tsaya, ruwan saman tanki yakan gangaro ƙaramin tankin ƙasa inda sikimar ke zaune, ya ɗaga. Da wuta ta dawo sikimar za ta tashi cikin ruwa mai zurfi, ta yi ambaliya, kofin ya cika, dattin da ta tara ya koma inda ya fito. Maganinsa na'urar jinkirta kunnawa, irin wadda ake sa wa firji, mai minti uku zuwa biyar. Sannan gudun irin waɗannan famfunan yana bin bugun wutar ne, wanda a Najeriya 50 ne a daƙiƙa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe wannan daidai, da an ɗora masa kaya sai ka ga kumfar ta sauka, da an rage ta hau. Masu sayo famfo daga Amurka kuma su tuna nasu na wuta mai volt 120 ne mai bugu 60. Ko an sa masa taransifoma, a nan gudunsa zai ragu, matsinsa ya faɗi fiye da haka.

Yanzu iskar kanta. Duk abin da ke yawo a ɗaki, benturi zai zuƙe shi ya dama shi cikin ruwa dare da rana. Maganin sauro na feshi da na kunnawa yawancinsu na ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi da jatan lande ko da kaɗan ne. A Agege ko Idi-Araba ba mai iya kwana da sauro don yana kiwon kifi, to abin yi shi ne a kashe sikimar kafin a yi feshi, a rufe tankin, kada a kunna sai iska ta ratsa ɗakin sosai. Turaren wuta ma a nisanta shi. Fitar da tiyon waje ta taga dabara ce mai kyau, don iskar waje takan taimaka wa pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, amma a duba kada ya fuskanci inda maƙwabta ke ajiye janareta, kuma in tiyon zai yi tsawo a yi amfani da mai faɗi. Ni ƙaramar gora na huda, na cika ta da gawayin tace ruwa da auduga sama da ƙasa, tiyon ya ratsa ta ciki. Tana tare ƙurar hunturu, tana kuma kashe fiton da ƙofar iskar ke yi, wanda da dare yana da damuwa ƙwarai. In audugar ta yi ja a canza ta, kada a cusa ta da yawa.

Matsalar da za ta riƙa dawowa ita ce toshewa. A daidai inda busasshiyar iska ke haɗuwa da ruwan gishiri, gishiri da farar ƙasa kan daskare. In ka leƙa ƙofar da tocila za ka ga farin zobe ya kewaye ramin, wani lokaci saura ɗan wurin da allura za ta shiga. Alamarsa fiton ya canza, farin da ke cikin bututu ya yi shara-shara, ruwan cikin sikimar ya hau. Sau ɗaya a mako a tsoma bakin tiyon a rabin kofin ruwa mai ɗumi marar gishiri, famfo na aiki, ya zuƙe. Wannan na narkar da gishirin. Farar ƙasar kuwa sai an kwance benturin duk wata ɗaya ko biyu an jiƙa shi awa guda cikin ruwan khal, a goge da tsinken sakace, a ɗauraye. Kada a sa waya ko ƙusa. A bakin da famfon ke zuƙar ruwa kuma a sa raga, domin ɗan ƙaramin dodon koɗi ɗaya ya isa ya toshe maƙogwaron.

Saiti da abu biyu ake yi: bawul ɗin fita, da ƙaramin bawul a tiyon iska. Na fita shi ke ɗaga ruwa ko sauke shi. A tsayar da ruwan inda bututun ya fara tsukewa zuwa wuya. A juya kaɗan, a jira rabin awa kafin a sake taɓawa. Rage iska kaɗan yakan sa kumfar ta ƙara laushi. Sabuwar sikima takan yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta daidaita ba saboda maiƙon roba da gam, a yi haƙuri da ita. In an sa hannu mai man shafawa a ruwa ko an ba kifi abinci mai maiƙo, kumfar za ta kwanta na wasu awoyi, ba lalacewa ta yi ba. Idan komai ya zauna, kumfa mai kauri za ta riƙa hawa wuya a hankali tana turo datti, ruwan kofin ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga wari. In ya fito ruwa-ruwa mai haske, gishirin tankinka kake zubarwa, sai a riƙa auna shi ya tsaya wajen 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri. Wanda ke ɗebo ruwan tafkin Legas kuma kada ya zargi benturi in kumfa ta ƙi: ruwan gauraye ne, gishirinsa kan ragu sosai da damina, ban da ƙazantar da ke ciki.

Inda ya gaza a wurina shi ne wuta da zafi. Wat 75 dare da rana ya kama kilowat-awa 54 a wata, nauyi ne a kan mita, ya fi nauyi a kan batirin inbata. Kusan duk wannan wutar zafi take komawa cikin ruwa in famfon na nutse ne, alhali murjani ya fi son digiri 25 zuwa 26, ɗakunanmu kuwa a watan Maris sukan haura 30. Famfo mai farfela irin ta allurai, wanda ke daddatsa iska da kansa, yana ba da kumfa mai yawa da wuta kaɗan, don haka mai kiwon murjani da ke da hali, ko mai dogaro da inbata, shi nake ba shi shawara ya nema. Mai tankin kifi zalla na lita 200 zuwa 300, wanda ya riga ya mallaki famfo mai tura mita 4 ko fiye kuma zai iya sa fanka a kan ruwan, benturi mai rabin inci zai ishe shi, in dai zai kiyaye wankin ƙofar iskar kowane mako.