Sharhi kan Lady Vengeance: ramuwar da ba ta sauke nauyin laifi ba

Darakta Park Chan-wook na Koriya ta Kudu ya yi fina-finai uku a jere kan ramuwar gayya: Sympathy for Mr. Vengeance a 2002, Oldboy a 2003, sai Lady Vengeance a 2005. Na tsakiyar ya fi suna, shi ne ya ci kyautar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes na 2004. Amma a ganina na ƙarshen ya fi nauyi, domin shi kaɗai ya tsaya ya tambayi mai ramuwar: ke fa, ina naki alhakin? Wanda bai kalla ba ya sani, zan taɓo ƙarshen labarin.

Lee Geum-ja ta shafe shekara 13 a kurkuku bisa laifin sace wani yaro mai suna Won-mo da kashe shi. Ba ita ta kashe shi ba. Malaminta, Baek, shi ya yi kisan, sannan ya riƙe jaririyarta ya ce ko ta amsa laifin ko ya hallaka 'yar. Sai dai ba za a ce hannunta tas yake ba, don da ita aka sato yaron. Lee Young-ae ce ta fito a matsayinta, wadda masu kallo suka sani da sanyin hali a shirin talabijin na Dae Jang Geum, kuma da gangan daraktan ya yi amfani da wannan fuskar ta salihai. Choi Min-sik na Oldboy shi ne Baek.

A al'adar Koriya, wanda ya fito daga gidan yari ana miƙa masa farar awara ya ci, alamar ya buɗe sabon shafi. Wani mai wa'azin Kirista ya tarbi Geum-ja da ita a bakin ƙofa, ta sa hannu ta kifar da farantin. Daga nan ake gane cewa duk kirkin da ta yi a ciki, har da ba wata fursuna ƙodarta, bashi ne take ɗora wa mutane don su biya ta ranar da ta tashi farautar Baek.

Rabin farko yana da wahalar bi, kuma nan ne raunin fim ɗin. Ana tsalle tsakanin da da yanzu, ana gabatar da fursunoni ɗaya bayan ɗaya da sunayensu a rubuce, ga muryar mai ba da labari, ga fassarar da ke gudu a ƙasan allo. Wanda ya ɗauke ido minti biyu zai rasa wace ce ta samo zanen bindiga, wace ce kuma ta auri Baek don ta zama ido a gidansa. Dabarar ita ce a riƙe kowace mace da abin da Geum-ja ta yi mata, a bar haddar suna. Ɓangaren Ostireliya, inda ta je neman 'yarta Jenny wajen ma'auratan da suka ɗauke ta riƙo, an cika masa barkwanci har ya rage wa ganawar uwa da 'ya ƙarfi.

Inda fim ɗin ya juya shi ne lokacin da Baek ya shiga hannu. Yana ɗaure, bindiga na hannunta, sai ta lura da wasu 'yan tarkacen yara rataye a jikin wayarsa. Bincike ya kai ga faya-fayen bidiyo: ya kashe wasu yara huɗu a shekarun da take tsare. Lissafin a bayyane yake. Da ba ta amsa laifin ƙarya ba, da ɗan sandan da ya san ba ita ba ce bai rufe shari'ar ba, da yaran nan suna raye. A nan ramuwar ta fita daga hannunta, domin akwai waɗanda suka fi ta haƙƙi a kan jinin.

Ta tara iyalan a wata tsohuwar makaranta da aka daina amfani da ita, aka nuna musu bidiyon, aka ba su zaɓi: a miƙa shi ga hukuma ko su gama da shi da kansu. Ya kamata mai kallo ya san cewa rabon Koriya ta Kudu da zartar da hukuncin kisa tun Disambar 1997. Mai kallo Musulmi zai tuna haƙƙin waliyyan mamaci a ƙisasi, amma bambancin babba ne, don a nan babu alƙali, babu maganar diyya ko afuwa. Iyalan suka zaɓi su gama da shi da kansu, suka sa rigunan leda don kada jini ya ɓata musu tufafi, suka zauna a kan benci kowa na jiran layinsa da makami a hannu, wasu na rawar jiki. Kyamara ta fi zama a kan masu jiran fiye da kan wanda ake sara, kuma wannan shi ya sa wurin yake da ciwo. Bayan an binne shi suka ɗauki hoto tare don kada wani ya tona, suka ci kek a gidan burodin da take aiki, kowa ya rubuta lambar asusunsa don a mayar masa da kuɗin fansa.

Gafara kuwa ba ta samu ba. Tun da farko ta yanke ɗan yatsanta a gaban iyayen Won-mo tana roƙonsu, abin ya firgita su kawai. Bayan kisan, fatalwar yaron ta bayyana mata, tana buɗe baki za ta nemi yafiya ya toshe mata shi. Fim ɗin ya bar ta da rai, da 'yarta, da laifinta.

Tsawonsa bai cika awa biyu ba. Ba na kallo da yara ko surukai ba ne: akwai wuraren tsiraici, akwai harbin kare, kuma kukan yaran cikin bidiyon ya fi jinin tayar da hankali. Yana da nau'i biyu, na launi gaba ɗaya da kuma wanda launinsa ke dushewa a hankali har ya koma baƙi da fari. A fara da na launin, a ajiye ɗayan sai kallo na biyu, lokacin da an riga an san kowa a labarin.