Tallan Gidan Haya a Intanet: Wace Kafa Ce Ta Dace da Mai Gida a Karkara?

A ƙauyukanmu na da, ɗakin da ba kowa a ciki na baƙo ne, ba a maganar kuɗi a kansa. Makarantu da asibitocin da gwamnati ta kawo su ne suka sauya lamarin. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013, ga kuma ta Wudil da ta girme su, da kwalejojin Bichi da Gumel da Kazaure, mutane da dama sun mayar da kuɗin riɗi da na shinkafa zuwa jerin ɗakuna da ciki da falo. Sai dai gini daban, samun ɗan haya daban, domin wanda zai kama ɗakin sau da yawa yana wata jiha, bai ma san sunan unguwar ba.

Kafin mai gida ya zaɓi inda zai yi talla, ya fara tambayar kansa wanda yake nema: ɗalibi ne, ko mai yi wa ƙasa hidima, ko malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, ko kuwa ango ɗan gari da gidan gado ya yi wa kaɗan? Kowannensu da inda yake leƙawa.

Shafin Jiji shi ne mafi shahara a cikin shafukan ƙananan tallace-tallace a Najeriya, musamman tun da ya karɓe harkokin takwaransa, shafin OLX, a 2019. Sanya talla a cikinsa kyauta ne, sai wanda yake so tallarsa ta hau sama ne zai biya. Amfaninsa shi ne baƙon da ke Inugu ko Ibadan zai iya ganin ɗakinka tun kafin ya hau mota. Amma da Turanci ake harka a wurin, kuma gidajen manyan birane sun cika shi, ta yadda ɗaki ɗaya a gefen Wudil yakan nutse a cikinsu. A ganina a sanya ta kyauta a gani, amma kada a biya kuɗin ɗaga talla a kan ɗakin da hayarsa ta shekara ba ta taka kara ta karya ba. Manyan shafukan gidaje irin su PropertyPro da Nigeria Property Centre kuwa sun fi dacewa da kamfanonin dillancin birni, mai ɗakuna huɗu a karkara ba ya buƙatarsu.

Facebook ya fi kusa da mu. Akwai sashen kasuwarsa, wato Marketplace, amma abin da ya fi aiki shi ne zaurukan 'yan gari da na ɗaliban makarantu, inda mutum zai rubuta tallarsa da Hausa, wani ya ambato sunan ƙaninsa da ya samu gurbin karatu a ƙasan rubutun. Kafin ka amsa wa mai tambaya kana iya duba shafinsa ka ga ko wane ne, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda iyalinsa ke zaune katanga ɗaya da 'yan haya. Illarsa ita ce yawan 'yan taya-ba-saye, da kuma 'yan damfara. Na taɓa sanya hotunan ciki da falo na wani yayana a wani zaure, bayan mako biyu sai ga wani yaro da jakarsa a ƙofar gida yana cewa ya tura rabin kuɗi. Ashe wani ne ya kwashe hotunan ya sake tallata su da tasa lambar. Tun daga ranar nake rubuta lambar waya a jikin kowane hoto, ina kuma bayyanawa ƙarara cewa ba a karɓar ko sisi sai an zo an gani da ido.

WhatsApp shi ne mafi sauƙi kuma mafi aminci, sai dai zangonsa gajere ne. Abin da ka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuke da lambar juna ne kawai za su gani. Ƙarfinsa yana wurin turawa: idan tallar ta shiga hannun shugaban ƙungiyar ɗalibai, ko wani mai hidimar ƙasa da ke shirin tafiya, shi zai kawo maka magajinsa. Lokaci ma yana da muhimmanci a nan, domin masu hidimar ƙasa suna yin mako 3 ne a sansani, a Fanisau ta Jigawa ko a Karaye ta Kano, kuma ranar da aka sallame su suke fara neman wurin kwana. Tallar da ta fita bayan mako guda ta makara.

Ko ma wace kafa aka zaɓa, abin da aka rubuta shi ke rage wahala. A ɗauki hoto da hantsi bayan an share, a nuna banɗaki da wurin girki, ba ƙofar gida kawai ba. A faɗi maganar ruwa, rijiya ce ko burtsatse ko sai an saya wurin 'yan ga-ruwa. A faɗi ko akwai wutar KEDCO, mita ce ko kuɗin wata ake haɗawa, ko kuwa sola aka sa. A faɗi kuɗin acaɓa zuwa ƙofar makaranta, da halin da hanyar take shiga idan damina ta kankama. Kuɗin haya ma a rubuta shi, domin "sai mun yi waya" ba ta haifar da komai sai kira ɗari marasa amfani. Idan gidan na ma'aurata ne kaɗai, ko ana kulle ƙofa bayan sallar isha'i, gara a faɗa tun farko.

Saura dillali. Yana karɓar la'ada, wadda a wurare da yawa kashi 10 cikin 100 ce, kuma wasunsu sukan yi ƙari a ɓoye. Duk da haka shi ne ya san wanda ya bar gidan wane da bashin wata shida, abin da babu shafin da zai gaya maka. Ga gidan da ke ƙauyen da babu babbar makaranta ko asibiti, inda ɗan hayar ɗan gari ne ko malamin firamare, dillali da sitatus sun wadatar. Ga wanda ke kusa da jami'a, zaurukan Facebook da na ɗalibai su ne gaba, Jiji ya biyo baya a matsayin ƙari. Duk wanda ya zo ta intanet kuwa, a nemi katin shaidarsa da takardar makaranta ko ta wurin aiki, a gabatar da shi ga mai unguwa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, kuma kada a miƙa makulli saboda saƙon alat sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna.