Tsakanin Touching Spirit Bear da Holes, wanne za ki saya wa ƙaninki?

'Yar'uwa, tunda yaron bai daɗe da fitowa daga gidan gyaran hali ba, kuma yana karanta Turanci, ki saya masa littafin Touching Spirit Bear na Ben Mikaelsen, wanda ya fito a 2001.

Labarin Cole ne, ɗan shekara 15 a birnin Minneapolis na Amurka, da ya yi wa wani yaro mai suna Peter dukan kawo wuƙa, har ya bar shi da lahani. Maimakon kurkuku, sai aka bi hanyar sulhu irin ta 'yan asalin ƙasar, aka kai shi wani tsibiri a Alaska ya yi shekara shi kaɗai. Abin da ya kama min zuciya shi ne, yaron bai shiryu nan take ba. Yana isa ya banka wa bukkar da aka gina masa wuta. Sai da wata farar beyar, wato wata ƙatuwar dabbar daji, ta kakkarya shi, ya kwanta cikin ruwan sama ba mai taimako, sannan taurin kan ya fara sauka. An nuna cewa ubansa mashayi ne mai jibgarsa, amma ba a wanke Cole da wannan ba.

Nawa littafin na ba ɗan yayana bayan an kore shi daga makaranta saboda faɗa. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi bayan isha'i a kan tabarma yana haska shafi da fitilar waya. Da ya kai inda aka kawo Peter tsibirin, ya same ni ina kwashe tuwo ya ce, "Gwaggo, shi wanda aka daka ɗin, dole ne ya yafe?" Ranar mun daɗe muna magana, har tuwon ya huce.

Holes na Louis Sachar kuwa, ba laifi, ya ci lambar Newbery, ta yabon littattafan yara a Amurka, a 1999, amma ƙazafin satar takalmi aka yi wa yaron ciki, don haka ba abin da zai tuba a kai. Ki bar shi sai gaba.

Sai dai ki yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp. Wasu hoton na asali za su nuna miki, su aiko da bugun jabu mai dishi-dishi, wasu shafukan ma babu. Wasu kuma kuɗi na shiga su toshe lambarki. Ki ce a ɗauko miki bidiyon cikin littafin ana buɗe shi har bangon baya, kuma kada ki biya duka sai ya zo hannunki.